Baƙi Uku a Ƙofar Kalma

Dankali ne ya kai ni aji da furfura.
Masu saye daga Duwala da Kwatano
sun gaji da ciniki da yatsu a Farin Gada,
ni ma na gaji da tafinta mai cin tsakiya.
Sai ga ni Talata da Alhamis bayan Magariba
a wani ɗaki mai yoyo a Gangare,
hula har kunne saboda sanyin Agusta.

Madam Kangyang ta rubuta a allo: parlent.
Ta ce, Malam Tanimu, raba mana gaɓoɓinta.
Na miƙe da gadara,
ni da na san ma-ka-ran-ta tafi huɗu ce tun ina ɗan shida.
Na tafa sau biyu: far-lent!
Har mai gadi sai da ya leƙo ya dara.

Ta ce tafi ɗaya ne. Parl.
Daga nan ka kama bakinka.
Na ce, sauran ukun fa?
Ta ce, ana rubuta su, ba a kiran su.
Je parle, tu parles, ils parlent,
da ni da kai da su, duk murya guda.

Mu ba haka muke ba.
Harafin da ya shigo kalma, kome ƙanƙantarsa,
sai an shimfiɗa masa tabarma a harshe.
Ƙugiyar kan ƙ ma tana da rabonta.
Ina aka taɓa barin baƙi a ƙofa
ko ruwa ba a miƙa musu ba?

Na koma gida da abin a maƙogwaro.
A zaure na tarar da yayana Ɗanjuma
inda yake zama tun da wuta ta cinye rumfarsa a Taminas.
Yana cikin lissafin tuwo, yana cikin hoton Sallah,
can a ƙarshen layi.
Mukan ce masa sannu, mu wuce.

Ran Alhamis ruwa ya kece, alli ya jiƙe,
da ƙyar ta rubuta: parlent-ils?
Ta ce ku saurara. Par-le-til.
Na ƙirga a gwiwata. Uku!
Wannan t da na yi wa zaman makoki
ashe barci yake.
Ta ce in an juya zance ya zama tambaya, yakan farka.

Ban tsaya sayen tsire ba ranar.
Na cire takalmi, na zauna a gefen tabarmarsa,
na rasa ta inda zan kamo,
sai na ce, Yaya, ɗan Bokkos da ɗan Mangu,
wanne zai kai Duwala bai ruɓe ba?

Ya daɗe yana kallon ruwan indararo.
Ya gyara murya, kamar ƙyauren da ya yi tsatsa.
Ya ce, kawo buhun in gani.