Kuɗin Ƙafa

Lauya ya ce in kawo kati.
Katin kuwa shekara uku yana soke a rufin ɗaki,
gara ta ci kwanan wata, ta ci lambar kwalba,
ta bar mana sunan Sagiru da rabin hatimi.
Ya juya shi gaba da baya, ya yi tsaki:
"Malam Ilu, gara ta riga mu shiga kotu."

Abin da na sani ba a takarda na gani ba.
Ranar da muka gama yankan riɗi
yaron ya kori akuya har bakin rijiya, da ƙafarsa biyu.
Da la'asar aka yi masa allura a gindin darbejiya.
Dare ya raba, jiki ya ɗau zafi kamar tanda.
Kwana tara, ƙafar hagu ta daina amsa kira.

Daga ƙauyenmu zuwa Jahun, babur.
Daga Jahun zuwa Dutse, mota mai ɗaukar mutum tara
a kujerar mutum shida.
Zuwa goma sha ɗaya na yi.
Sau huɗu alƙali ya tafi taro,
sau biyu fayil ya yi ɓatan dabo,
sau ɗaya aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya, shari'a ta bi ta.
Tunkiya ta tafi. Ɗan maraƙi ya bi sawunta.

Likitan da suka kira shaida bai yi mini kama da maƙaryaci ba,
wannan shi ya fi ci mini rai.
Ya ce zazzaɓin yana iya riga allurar shiga gida,
ya ce tsinin yana iya taɓa jijiya,
ya ce tsakanin "bayan" da "saboda"
akwai kogin da shi ma bai iya haye shi ba.
Na dubi tafinta, na ce ya maimaita.
Ya maimaita. Kogin yana nan.

Liman ya buɗe littafi ya ce ƙafa rabin diyya ce,
raƙuma hamsin.
Lauya ya danna waya ya kira miliyoyi.
Sagiru, da aka tambaye shi,
ƙwallo ya ce yana so, mai fata, ba ta tsumma ba.

Lantana ce ta riƙe allurar,
'yar Malam Barau, katanga ɗaya ta raba mu.
Ni na yi mata huɗuba.
Ta tsaya a akwatin shaida mayafinta na rawa,
da muka fito ta rasa kuɗin mota,
ni na biya, muka zauna kafaɗa da kafaɗa
har Jahun ba wanda ya ce uffan.

Kada a ɗauke ni mai mantuwa.
Ƙannena biyu ƙyanda ta kwashe a damina guda,
na ga tabarmar da aka naɗe su, ina ɗan bakwai.
Yanzu a layinmu yara sun cika ƙofa
har ba ka samun wurin ajiye keke.
Na san wannan. Na kuma san karan sandar Sagiru
a kan daɓe, da asuba, in zai fita alwala.

An ɗage zama sai bayan babbar salla.

Jiya masu akwatin sanyi sun dawo gindin darbejiya.
Hansatu ta tsaya a zaure da jaririya a kafaɗa,
ba ta tambaya ba, ba ta kuma koma ciki ba.
Na daɗe ina gyaran igiyar guga wadda ba ta tsinke ba.
Sannan na karɓi yarinyar, na tafi da kaina.

Na ce wa Lantana, "Rubuta lambar da kyau. Karanta mini."
Ta karanta, muryarta ƙasa-ƙasa.
Katin yana cikin gwangwanin madara, na rufe da leda,
inda gara ba ta kai ba.
Daren jiya ban runtsa ba, hannuna na kan 'yar ƙafarta.
Da assalatu ta shure ni.