Injin Markaɗe a Kurmin Mashi

Fom ɗin shafi huɗu ne.
Ni na cike shi a kan tabarma, da biron makaranta,
Baba na gefe, hannun rigarsa na dama
a naɗe, an soke shi da fil.

Suna: Kofur Barau Mati, mai ritaya.
Shekarun aiki: goma sha tara.
Abin da ka rasa: layi biyu kacal suka bari.
Na dube shi. Ya ce, "Rubuta hannu.
Barcin da ya ɓace ba zai shiga nan ba."

Can ƙasa an ce mai nema ya sa hannu.
Ya yi dariyar da ba ta wuce haƙori ba:
"Wanne? Wanda na baro a bakin tafki?"
Ya dangwala babban yatsan hagu,
tawadar ta kwana uku a farcensa.

Ofishin ƙungiyar yana Unguwar Rimi, a saman bene,
matakala ashirin da shida.
Masu sanda sukan huta a ta goma.
Sau biyar muka je.
Madam Saratu mai gilashi ba ta taɓa cewa "ku dawo jibi"
ba tare da ta sunkuyar da kai ba.

Ana tsakiyar damina saƙo ya shigo waya: an amince.
Injin markaɗe ne, ja, ko ledarsa ba a ɓare ba.
Aka ɗauki hoto. Aka ce Baba ya yi murmushi, ya yi.

Ran da aka tayar da shi
mata sun yi layi da robobin wake da tattasai.
Ƙanena ya ja igiya, injin ya kama,
kafin mu waiga Baba ya kife a bayan randa,
yana kiran sunayen mutanen da ba mu sani ba,
yana cewa su kwanta, su kwanta.
Inna ta kashe injin, ta yafa masa tsohon zani.
Matan suka kwashi robobinsu, ba wadda ta ce uffan.

Sati uku yana tsakar gida a rufe,
kaji na hawa kansa.

Sai ga Saje Ishaya daga Kakuri, ranar Lahadi bayan coci.
Rami ɗaya suka kwana da Baba.
Abin da ya ɗauke hannun wannan
shi ya ɗauke kunnuwan wancan.
Shi firiza aka ba shi,
amma taransifomar layinsu ta ƙone tun Ista,
matarsa na adana kwanuka a ciki.

Ya ɗaga zanin, ya shafa injin.
Baba ya ɗauki tsinke ya yi rubutu a ƙasa,
Saje ya karanta, ya ƙyalƙyale da dariya,
irin ta wanda ba ya jin ƙarar muryarsa.

Madam Saratu ta ce takarda ba ta san musaya ba.
Ta daɗe tana juya biro.
Sannan ta ja layi a kan lamba biyu,
ta sa hannunta ita ma.

Yanzu Baba na ƙofar gida da zoɓo da ƙanƙara,
yana ƙulle bakin leda da haƙori,
ba ya yarda a taya shi.
Saje kuwa, an ce tun asuba yake tsaye gaban injin,
ta tafin ƙafa yake gane wake ya yi laushi.
Kuɗin jarrabawata daga cikin firizar nan ya fito,
tsofaffin ɗari-ɗari masu danshi.

Baba har yau yakan farka ƙarfe biyun dare.
Ina jin takunsa zuwa zaure,
ya jingina da firizar, in akwai wuta.

A bangon ofishin, hoton yana nan:
shi da jan injin, yana murmushi.