Littafin Awo

A rumfar Ɗanjika tela, nan Garwa,
akwai littafin awo mai warin man keke.
Duk wanda shugaba ya ɗaga zuwa Kotun Ƙoli,
nan yake fara tsayawa, hannuwa a shimfiɗe.

Shafin farko mutum huɗu ne, jam'iyya guda,
kafaɗunsu kamar almakashi ɗaya ya fitar.
Da ganga ta sauya amo, uku suka zo
da wani katin daban a aljihu.
Jan yadin dai shi ne. Zaren ma haka.

Akwai Hamajoda, da ya ce a sassauta wuya:
"Ina so in iya waiwaye."
Damina biyu ya yi.
Rigarsa ta dawo cikin leda,
aka rage ta wa surukin minista.

Jiya jikar tela, Dudu mai karatun lauya,
ta ce, wa ya fi adalci cikinsu?
Ya lashi zare, yana laluben kafar allura.
"Ƙirji na auna, 'yar nan.
Tef ɗina bai taɓa shiga ciki ba."

Binuwai ya ja baya, yashi ya fito.
An ce gobe rediyo za ta karanto sababbin sunaye.