Kuɗin Ƙofa

Ni ne Mumuni mai gwangwanin madara.
Shekara goma sha tara ina tsaye a Asawase,
tocila a hagu, tambarin shuni a dama;
wanda ya biya in buga masa a tsintsiyar hannu
ya sunkuya ta hammatata. Ni ne ƙofa.

Mu sha ɗaya ne, da lorin haya
da janareto mai tarin asuba.
Awudu Gajere ke ɗaura zane ya zama bazawara,
don a lokacin mace ba ta hawa dandamali,
nata ta zauna gida ta ɗinka mana tufa.

In an watse mu baje tabarma bayan labule,
a kifar da gwangwani:
kason mai lori, kason mai fili,
kason ganga, don ita ma tana cin fata,
saura a raba daidai, har ni da ban furta komai ba.
Daren da aka yi ruwa kuwa
mu jiƙa garin rogo, babu abin da za a dafa.

Sai dokar hana fita ta zo, magariba kowa ɗaki.
Kafin a ɗage ta wani ya kafa bidiyo a shago,
benci shida, akwati ɗaya,
kuma mutanen cikin akwati ba sa neman kuɗin koko.
Filinmu na Aboabo, coci ya saye ya rufa.

Makaɗinmu ya koma kwandastan mota.
Awudu ya buɗe teburin goro a Alabar,
yana yi wa masu ciniki muryar bazawara kyauta.

Daga baya masu farar mota suka zo da takardu,
ga alawus, ga riga mai rubutu a ƙirji,
amma su ke zaɓar abin da za a yi wa dariya:
wankin hannu, gidan sauro.
Shiga kyauta ne. To me zan tsare?
Aka miƙo min rajista in ƙirga kawuna.
Ranar na gane wa muke yi wa wasa:
mai biya yana ofis a Akkara,
bai taɓa taka zangonmu da ƙafa ba. Ko ƙafa!

Yanzu ga Adiza, jikar Awudu.
Ta zura babbar rigar kakanta, ta manna gemun auduga,
ta zama tsohon mai gidan haya a bakin Kejetia.
Minti biyu wasan ya ƙare.
Ta ce mutum dubu arba'in sun gani kafin la'asar,
har da wasu a Jidda da Hambug.
Na ce nawa suka biya? Ta kwashe da dariya:
masu tallan man shafawa ke biya, Baba,
kuɗin ta waya yake shigowa, ba a taɓa shi, ba a shafa.

Jiya mai ɗaukarta bai zo ba, ta ba ni wayar.
Riƙe daidai, kada ka girgiza.
Na riƙe, ina leƙen mutane ta ɗan gilashi,
babban yatsana yana ƙaiƙayin shuni.
Gwangwanin yana nan a taga, cike da ƙusoshi.
Ta ce hoton ya yi rawa. Na ce ba tsufa ba ne,
hannun ne ke lalube, bai sami ƙofa ba. Ina ƙofa?