Na Riga Na Gina Bayanta

Na zo gida Harbo da asibitin da ba a gina ba,
yana kwance cikin kwamfuta a kan tabarmar Inna,
janareton Mati mai cajin waya yana tari a bayan danga.

Malaminmu na Wudil ya ce,
ba a dafa hoto a tukunya ɗaya.
Gini daban, sararin sama daban,
abin da ya tsaya a gaba kuwa a fitar da shi shi kaɗai,
in an ce a gyara, ba sai an rushe gari ba.

Haka na yi.
Na bar na'ura tana gasa bango da tagogi har la'asar,
sannan na juya kan tsamiyar bakin fili,
na bi ta ganye-ganye kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa,
fari inda take, baƙi inda babu ita,
har 'yan kafofin da rana ke yoyo ta ciki.
Amalanken Baba Tanimu na ba shi nasa faifan,
akuyar Ladidi mai karyayyen ƙaho ita ma nata,
inuwarsu kuma na ajiye gefe da kulawa,
don abin da ba shi da inuwa a hoto
shawagi yake yi, kamar ba ɗan ƙasa ba.

Bayan isha'i na jera su, wani kan wani,
kamar jeren kwalla a ɗakin amarya.
Na shafa bakin kowane ganye har ɗinkin ya ɓace.
Tsamiya ta tsaya gaban asibiti
sai ka ce tare aka haife su.

Da hantsi Alhaji Barau ɗan kwangila ya zo,
ya sunkuya, hularsa ta kusa taɓa gilashin.
Ya ce, aiki ya yi kyau, yaro,
amma bishiyar nan ta tare mini ƙofa.

Yatsa ɗaya na sa.

Ba ƙarar gatari, ba tsuntsun da ya tashi.
Ko gurbi ba ta bari ba:
ƙofa ga ta, fenti ga shi, matakala uku cif,
domin tun jiya ni da kaina
na riga na gina bayanta.

Inna ta leƙo da ludayi a hannu,
ita da ta yi shekara talatin tana dama fura a gindinta.
Ta daɗe tana duban farin filin.
Ta ce, to masu jiran likita fa,
a rana za su zauna?

Alhaji ya yi dariya, ya karɓi nasa a waya, ya tada mota.

Ban goge ta ba.
Akwai wani ɗan ido a gefen sunanta,
shi kawai na rufe.
Cikin dare nakan buɗe shi, ta dawo da inuwarta,
in rufe, in sake buɗewa,
har man Mati ya ƙare.