Ɗaki Na Bakwai

Daren Laraba a Maigatari, gobe kasuwa.
Tireloli sun jeru har bayan tasha,
shanu na kuka a kara.
Ni ne Ilu. Shekara sha tara
makullan masaukin Alhaji Nalado na rataye a ƙuguna:
ɗaki sha huɗu, rijiya ɗaya, janareto mai tarin tsufa.

Sagiru ne ya zo da ita daga wani taro a Kano,
inda aka ba su shayi da takardar shaida.
Ya ce manyan otal duk sun rungume ta,
ya ce sunanta ƙirƙirarriyar basira,
ba ta gyangyaɗi, ba ta zuwa ta'aziyya,
ba ta roƙon a ba ta albashi kafin wata ya mutu.
Wannan na ƙarshen, silin yake kallo da ya faɗa.
Ya jingine ta a kan kanta, allo ne na gilashi,
dab da littafina da gara ta ci wa gefe.

Ba zan yi mata ƙage ba, ta iya aiki.
Tana juya sefa zuwa naira kafin baƙon Damagaram ya kwance bakin jaka.
Ta gai da Okoro da harshen garinsu, ya ƙara kwana don daɗi.
Ta gano sabulu ashirin da ke salwanta duk wata,
tun ranar Ladidi mai shara ba ta goge mata fuska.
Mai masaukin Gumel ya aiko yaro ya gano masa,
mai shayin ƙofa na tambayar ko za ta iya bin bashi.
Ni ma na kai mata ƙarar gwiwata,
ta ce in ga likita.

Sha biyu ta gota, Arɗo Julɗe ya yi sallama,
sanda a kafaɗa, taɓon hanya har ƙauri.
Kafin in miƙe ta amsa:
barka da zuwa, saura ɗaki ɗaya,
na bakwai, mai fanka.

Arɗo bai ce komai ba. Ya dubi takalminsa.

Damina uku ke nan.
A na bakwai zazzaɓi ya kwantar da Hammadi, ɗansa na fari,
bai kai kiran assalatu ba.
Ni na ja guga na ɗebo ruwan wankansa.
Littafina bai rubuta ba,
kuɗin kwana ɗaya kawai ke ciki, na soke shi da biro.

Na je na buga wa Ɗan'asabe direba ƙofa,
na ce tashi, ka samu ƙarin girma, ɗaki mai fanka.
Ya kwashi filonsa yana gunaguni.
Arɗo ya shiga na uku, ya ja ƙofa a hankali.

Da na dawo allon na haske.
An sauya ɗaki, in ji ta. Faɗa mini dalili, in koya.

Na zauna.
Na kashe sauro biyu.
Mai ɗaki ya san inda yake masa yoyo,
in ya nuna wa kowa, wa zai ƙara nemansa?
Abin da ya rage mini ke nan da ba ta da shi,
shi ne tuwon gidana, shi ne kuɗin makarantar Indo.
Amma gwiwar nan ba za ta kai wata sha tara ba,
kuma Arɗo zai dawo wata Larabar,
ya tarar da ita, ita kaɗai.

Na matso da bakina kamar mai raɗa wa jika,
na faɗa mata sunan yaron, da watan, da fankar da ke juyi a kansa.

Ta ɗan yi jim.
Ta ce, Allah ya jiƙansa.
Ban san wa ya koya mata ba.
Na ce amin,
na tashi in duba man janareto.