Shuɗin Baffa Inuwa

Ƙarfe biyun dare, saman wani bene a Titin Gidan Zu.
Janareton maƙwabci ya yi tari ya mutu,
saura ni da hasken kwamfuta
da shayin da ya huce tun bayan isha'i.

Hoto ɗari huɗu da sittin na ɗauko a Ƙofar Mata,
kowanne da nauyi kamar buhun gero.
Wata mai saye a Damagaram ta buɗe shafinmu,
ta jira, ta ƙara jira,
datarta ta ƙare kafin bakin zane ya leƙo.

Shi ne na nemo 'yar manhajar nan da ake maƙala wa shafi,
mai rage wa hoto ƙiba,
ta datse gefe, ta matse,
ta miƙa wa kowace waya loma daidai bakinta.
A kwamfutata lafiya lau, ko gardama babu.
Ina ɗora ta a saba sai ta noƙe:
wai ba ta ga 'yar'uwar da take jingina da ita ba,
wai wadda ta tarar a can ta tsufa da shekara biyu.
Jan rubutu ya cika allo.
Na sauke, na ɗora, na sake saukewa,
har ladanin bayan layi ya gyara murya.

Da asuba ta sauko.
Shafi ya buɗe kafin ƙiftawar ido,
na yi dariya ni kaɗai kamar zararre.

Da hantsi na hau Adaidaita, na tafi marina.
Baffa Inuwa na tsugune bakin rijiyarsa,
hannu shuɗi har gwiwa.
Ya goge yatsu a wando, ya karɓi wayar,
ya nisanta ta da ido kamar mai duba jabun kuɗi.

Ya ce, "Wannan rinin wa?"
Na ce, "Naka ne, Baffa."
Ya ce, "A'a.
Nawa sau bakwai yake nutso ya fito ya sha iska.
Baba da toka sun kwana suna shawara a kansa,
masu bugu sun ba shi ƙyalli.
Nawa idan ka dube shi, dare ne mai shirin hadari.
Wannan kuwa shuɗin bokitin roba ne."

Ban ce uffan ba.
Na koma na tona cikin manhajar har la'asar.
Ashe kowane hoto yana tafe da 'yar wasiƙa a ɓoye,
mai gaya wa allo asalin launinsa,
ita kuwa, garin rage kaya,
sai ta riƙa jefar da wasiƙar a hanya.

Layi ɗaya ne tak.
Inda aka rubuta "zubar", na mayar da shi "riƙe".
Hotunan suka ɗan ƙara nauyi.
Na bar su da abinsu.

Washegari na sake miƙa masa.
Ya daɗe yana kallo.
Ya ɗaga wani turmi daga igiya, ya kara da wayar,
ya juya wa rana baya, ya sake karawa.

"Ya kusa," in ji shi,
ya koma bakin rijiya.

A kusurwar gilashin, babban yatsansa ya bar tambari.
Yau kwana uku ke nan ban goge ba.